Tambaya da Amsa: Hannuna ya iya aiki, littafi ya gagare ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, shekarata ta biyu ina koyon haɗa wutar lantarki a makarantar sana'a, ranar Asabar kuma ina bin mastana aiki. In an ba ni gida in ja waya, ba ni da damuwa. Amma da na buɗe littafin dokokin aikin sai kaina ya yi zafi. Sai in karanta shafi sau uku, in rufe, ban riƙe komai ba. Ga shi ina son zana jarrabawar Hukumar Makamashi in sami lasisi. Abokaina sun ce in haddace tsofaffin tambayoyi, abin da ban gane ba in duba a YouTube. Me kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in amsa maka, bari in ba ka labarin wautata. Ina saurayi na sayi wani katon littafin lantarki wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, wajen Kejetia. Bango mai sheƙi, hotuna masu launi, ina ɗauke da shi ina ji da kaina. Na yi wata guda ina karanta shi kafin in lura a Amurka aka buga shi. A can baƙar waya ita ce mai wuta, fara ce nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Mu kuwa a lokacin tsarin Ingila muke bi, ja mai wuta, baƙa nutural. Ran nan wani ɗan unguwarmu a Asawase ya kira ni in duba masa injin da ɗan'uwansa ya aiko daga waje. Na buɗe, na ga baƙar waya, hannuna ya bi abin da ya saba, na ɗauke ta nutural alhali ita ce mai wuta. Allah ya kiyaye, ƙara kawai ta tashi, fis ya ƙone, mai gida ya fita da gudu ba takalmi. Bayanin yana cikin littafin nan da ke gidana. Na karanta shi da ido, ban taɓa tambayarsa daga ina ya fito ba.

To ka ga tambayar farko ke nan da za ka riƙa yi wa duk takardar da ta shigo hannunka: wa ya rubuta, don wace ƙasa, a wace shekara? Wutar gidajenmu a Gana bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, sau 60. Mutumin YouTube da abokanka ke yabo, in daga can yake magana, gaskiya yake faɗa amma gaskiyar garinsu. Ko tsarin Ingilar ma ya sauya tsakanin 2004 da 2006: mai wuta ta koma ruwan ƙasa, nutural ta koma shuɗiya. A wuta mai layi uku, wato wadda ke zuwa da wayoyi uku masu wuta, abin ya fi haɗari, domin shuɗiya wadda a da take ɗauke da wuta yanzu ita ce nutural, baƙa wadda a da take nutural yanzu tana ɗauke da wuta. Ka shiga tsohon gida a Alabar da aka yi wa ƙarin ɗaki, za ka iya tarar da tsari biyun a akwati ɗaya. Shi ya sa nake cewa yarana su fara buɗe bayan shafin farko, inda ake rubuta shekara da garin bugu, kafin su taɓa babi na ɗaya. Dokar da ta wajabta lasisin da kake nema ma tana da tarkonta: ana kiranta L.I. 2008, amma 2008 ɗin lamba ce, dokar ta shekarar 2011 ce. Na ga ɗalibai da yawa sun faɗa wannan rami.

Ka ce kana karanta shafi sau uku. Yaya kake karantawa? Ina zaton kamar jarida, daga sama zuwa ƙasa. Ka tuna yadda malaminka na makarantar zaure ke biya maka littafin fiƙihu. Yakan ɗauki gaɓa guda, ya fassara, ya tsaya, ya tambaye ka sharaɗin da ke ciki, sannan ya ci gaba. Kuma ba ya bari ka haɗa farilla da mustahabbi. Littafin dokokin lantarki ma haka aka gina shi. Inda Turawa suka rubuta "shall", wannan farilla ce, in ka bari aikinka bai inganta ba. Inda suka rubuta "should", shawara ce mai ƙarfi. Sannan ka sa ido kan ƙananan kalmomin nan masu ma'anar "sai dai in", "muddin", "ban da". Rabin hukuncin yana ɓoye a bayansu. Ka riƙe fensir, duk inda ka ci karo da ɗaya ka zagaye ta. Layi biyar a rana da aka yi wa haka sun ishe ka.

Jadawalin da ke nuna yawan wutar da kowace waya ke iya ɗauka kuwa, nan ne ake kayar da masu hadda. Ɗauki wayar nan mai kauri murabba'in milimita 2.5 da kuke ja wa soket. Ɗalibi zai haddace cewa tana ɗaukar am 27 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), ya tafi yana murna. Am 27 ɗin gaskiya ne in an manna ta a jikin bango iska na dukanta. In wayoyi biyu ne cikin bututu a jikin bango, jadawalin Ingila ya ce 24. Kuma dukkan lissafin an yi shi ne a kan zafin iska digiri 30. Yanzu ka hau cikin silin, ƙarƙashin kwano, da azahar a watan Maris, ka gaya min ko digiri 30 ne a wurin. In zafin ya kai 40, akwai wani jadawalin can gaba da ke cewa ka ninka da 0.87, sai 24 ɗinka ta dawo wajen 21. Duk wannan yana rubuce a kan jadawalin da gindinsa, da ƙananan baƙaƙen da ido ke tsallakewa. Mai shirya jarrabawa ya san ana tsallake su, daga nan yake ɗebo tambayoyinsa. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, ban hana ka ba, amma in aka sauya maka bututu da bango, ko 30 da 40, haddar ta tashi a banza.

Turancin kansa ma wani nauyi ne, kada ka ji kunyar faɗa. Mu 'yan zango da Hausa muke tunani, da Tuwi muke ciniki, sannan a ce mu zana jarrabawa da Turancin injiniyoyi. Dabarata ita ce in na karanta gaɓa, sai in rufe littafin in faɗe ta da Hausa da ƙarfi, kamar ina yi wa ƙanena bayani. In bakina ya sarƙe, na san ban gane ba, sai in koma. Ka ware littafin rubutu guda, kowace sabuwar kalma ka rubuta ta, ka sa ma'anarta da Hausa, ka zana hoton abin a gefe ko da zanen ya yi muni.

Akwai ranar da za ka ga littafi ya ce kaza, mastanka yana yin wani abu dabam. Kada ka ɗaga masa shafi a gaban mai gida, ba a yi wa babba haka. Ka bari sai kun zauna cin wake da shinkafa, ka ce, "Masta, na ga wani abu a nan ban gane ba, ka duba min." Wataƙila yana da dalilin da littafi bai hango ba, wataƙila kuma shi ma da tsohon bugu ya koya. Asabar mai zuwa ka tafi da shafin jadawalin nan a aljihu, in kun isa gidan da za ku yi aiki ka duba ta inda wayar za ta bi, ka nemo layin da ya dace da ita kafin ka warware naɗin.