Marsandin Baba ta samu loɓa: a feshe ta duka kafin a sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Marsandi 280 SL ƙirar 1978, mai ƙofa biyu, irin wadda ake cire wa rufi. Ta daɗe a gareji a gidanmu da ke Mabera, sai dai jefi-jefi a tayar da ita a ɗan zaga. Magada sun yi shawara a sayar a raba kuɗin. Makon jiya ƙanena ya fito da ita zai kai wanki, ɗan kabu-kabu ya goge ta a gefen dama na gaba. Madigadi ya loɓa wajen faɗin tafin hannu, kusurwar bamba ta ɗan lanƙwashe, gilashin sigina ya tsage. Mai gyaran bodi ya ce tunda fentin ya kwana biyu, gara a feshe ta gaba ɗaya, a mayar da ita baƙa daga ruwan madara, a sake fatar kujeru, wai ta fi yin kuɗi a haka. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Don Allah kada ku bari a feshe motar nan gaba ɗaya, kuma kada a canza mata launi. Shawarar mai gyaran naku daidai ce da a ce motar yau da kullum ce za a kai wa dillali, inda mai saye ke duban sheƙi. Amma wanda zai taso daga Legas ko Abuja ko Kano saboda 280 SL ba sheƙi ya kawo shi ba. Abin da yake nema shi ne motar da ta rage yadda ta fito daga kamfani, kuma abin da zai biya kuɗi mai kauri a kai ke nan. Sabon fenti kowa na iya yi a kowane lokaci. Fentin 1978 kuwa, ranar da aka kankare shi ya tafi ke nan.

Ya kamata ku san abin da ke hannunku. Wannan samfurin, wanda kamfanin Mercedes-Benz ke kira R107, an ƙera shi daga 1971 zuwa 1989, an fitar da fiye da dubu 230, kuma mafi yawansu Amurka aka kai, da manyan injina masu silinda takwas. Taku mai silinda shida an yi ta ne daga 1974 zuwa 1985, kuma ba a sayar da ita a hukumance a Amurka ba, don haka tana zuwa da siririn bamba da fitilu irin na Turai, waɗanda masu sha'awar motar suka fi so. Ga kuma falalar da Sakkwato ta ba ta. Babban abin da ke kashe irin waɗannan motoci a Turai tsatsa ne, saboda danshi da gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara. Motar da ta yi rayuwarta a busasshen gari mai gajeriyar damina, a cikin gareji, tana iya kasancewa da ƙarfe lafiyayye wanda mai saye zai sha wuya kafin ya samu irinsa. Idan kuka lulluɓe ta da sabon fenti kun rufe masa hanyar gani da idonsa, kuma zargin farko da zai zo masa shi ne akwai abin da aka binne a ƙasa.

Kafin kowa ya ɗora guduma a jikinta, a fito da ita rana a ɗauki hotunan wurin da aka goge, daga nesa da kusa, da bonet a buɗe da kuma a rufe. Waɗannan hotunan su ne shaidarku cewa ɓarnar ƙarama ce. Sannan a tabbatar ƙaramar ce da gaske. Ka tsaya a gabanta ka dubi tazarar da ke tsakanin bonet da madigadi, dama da hagu, ko ta yi daidai. Ka buɗe ƙofar dama ka rufe, ka saurara ko bakinta na gogar madigadi. Ka leƙa ta bayan taya da tocila ka duba ƙarfen ciki da maƙalin bamba, ko akwai inda fenti ya tsattsage ko ƙarfe ya tattare. A kuma kai ta a auna saitin ƙafa, domin bugun da ya samu taya yana iya karkatar da sitiyari ko da ido bai ga komai ba. In duk waɗannan sun fita lafiya, to aikin bodi ne kawai, kuma ba mai yawa ba.

Loɓar ita ce wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Idan fentin wurin bai fashe ba, akwai masu turo loɓa daga ciki da sandunan ƙarfe, a hankali, ba tare da an taɓa fenti ba. Sai dai fentin da ya haura shekara 40 ya bushe, yana iya tsagewa in aka matsa masa, don haka aikin na mai haƙuri ne wanda ya saba. Idan kuwa ya riga ya fashe, sai a daddale ƙarfen da guduma da matokari har ya kusa komawa yadda yake, a shafa fila, wato ƙullun da ake cike loɓa da shi, siririya, a fesa wannan madigadin shi kaɗai. Abu biyu nake roƙo ku tsaya a kansu, ko da za a ce kun cika tsanani. Kada a sa wa wurin wutar gas don a yi saurin miƙar da shi, zafi na sa ƙarfe ya yi tudu da kwari, daga nan sai an cika fila kafin ya daidaita. Kuma kada kaurin fila ya wuce milimita 2 zuwa 3. Masu sayen irin wannan mota suna zuwa da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, wasu da maganaɗisu a aljihu, kuma fila mai kauri ba ta ɓuya a gare su. Balle a zafin Sakkwato, inda a watan Afrilu ake haura digiri 40, fila mai kauri ba ta jimawa take tsagewa.

Madigadin gaba na wannan mota da ƙusoshi aka ɗaure shi, ana iya kwance shi. Amma in ba dole ba a bar shi a wurinsa. Ka buɗe bonet ka dubi kawunan ƙusoshin da ke jere a gefe: in fentin da ke kansu bai kwarzane ba, alama ce ba a taɓa kwance madigadin ba tun daga kamfani, kuma mai saye da ya san mota nan idonsa zai fara sauka.

Haɗa launi shi ne inda aka fi yin kuskure. A cikin ɗakin injin, a kan ƙarfen da ke saman lagireto, akwai ƙaramin faranti da aka buga lambobi, ciki har da lambar launin motar mai alƙaluma uku. Da ita za a fara, amma ita kaɗai ba ta isa, saboda rana ta riga ta ci launin da ke jikin motar, sabon haɗi zai fito ya fi shi ƙarfi. Mai haɗa fenti ya fesa gwaji a gutsuren ƙarfe, a bari ya bushe, a jingina shi da ƙofar motar a waje, a duba da hantsi a sake dubawa da la'asar. In akwai bambanci a gyara haɗin a sake. A kuma gane irin fentin: ka sa ɗan man goge mota a ƙyalle mai duhu, tunda motar ruwan madara ce, ka murza a wani lungu. In launin ya fito a ƙyallen, fenti ne na da wanda ba shi da rufin garau a samansa, kuma da irinsa ya kamata a yi gyaran, in ba haka ba madigadi ɗaya zai riƙa walƙiya daban da sauran jiki. Wannan irin fenti yana da wani alheri: in aka goge shi a hankali da hannun da ya iya, haskensa na dawowa, sai ka ga abin da ake cewa ya mutu ashe ƙura da rana ne suka dusashe samansa. Feshi kuma a yi shi a rufaffen ɗaki. Wanda aka yi a filin Allah lokacin hunturu, ka shafa da hannu ka ji tsakuwa-tsakuwa.

Bamba, in lanƙwasar kaɗan ce, a kwance shi a miƙar a sanyi. Kada a fesa masa fentin azurfa. Gilashin sigina a nemi na asali, ko da na hannu ne. A tambaya a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, in ba a dace ba a yi oda daga waje, domin har yanzu ana samun kayan wannan samfurin. Wanda ya tsage ɗin kada a yar, a ajiye a but.

Kujeru kuwa, na san abin da ke jan hankali. Sakkwato garin fata ne, jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen waje, dukawanmu kuma gwanaye ne. Amma kyawun aikinsu ba zai sa kujerar ta zama ta kamfani ba. In ɗinki ne ya warware, a mayar da shi a kan ramukan allurar da ke nan. In bushewa ce, a wanke a shafa man fata. Dashbod da rana ta tsaga a bar shi a nuna wa mai saye, kada a manna masa kafet.

Kuɗin da za ku kashe a fenti, ku karkatar da kaɗan daga ciki zuwa injin, don motar da ta tashi da bugu ɗaya ta fi mai sheƙin da ake turawa. Wannan injin ba shi da kafireto, yana da tsarin fesa mai na Bosch da ake kira K-Jetronic, wanda ba ya shiri da tsohon fetur ko datti. A zubar da man da ya daɗe a tanki, a sake matatar mai, a duba robobin mai da na ruwa, don zafi na busar da su har su tsattsage, kuma yoyon fetur a kan injin mai zafi gobara ce. A sake baƙin mai da man birki. Idan wani makanike ya ce a cire tsarin a ɗora kafireto don a huta, ku ɗauke motarku ku nemi wani. Taya kuma a duba shekarunta a gefe: alƙaluma huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, misali 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In alƙaluma uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ko da zanenta na nan kada a hau titin Gusau da ita. Injin a share shi da tsumma, kada a kai shi wurin masu wanki da ruwa mai ƙarfi. Akwai kuma gwaji ɗaya da wannan samfurin ya shahara da shi: a zuba ruwa a ramukan iska da ke gindin gilashin gaba, a ɗaga kafet ɗin wurin ƙafa a duba. In ya jiƙe, mai yiwuwa tsatsa ta ci bangon da ke tsakanin injin da ɗaki, kuma gara ku sani kafin mai saye ya gano muku.

Sai takardu. Lambar shasi za ta fara da 107042 in 280 SL ce, a tabbatar ta dace da abin da ke takardar mallaka da ta kwastan. Duk abin da Baba ya ajiye a tattara: littafin mota, rasiɗan gyara, makulli na biyu, jak, kayan aiki, har tsoffin hotunansa da ita. Rufin ƙarfen da ake cirewa, in yana jingine a wani ɗaki, a fito da shi, rashinsa na rage kuɗi sosai. Tunda kuma dukiyar gado ce, a samu amincewar kowane magaji a rubuce, mata da maza, da waliyyin duk wanda bai balaga ba, a kuma amince tun yanzu daga ina kuɗin gyara zai fito.

Batun faɗa wa mai saye, ba na ganin akwai wata shawara biyu a ciki. Ku faɗa tun kafin ya tambaya, ku nuna masa hotunan kafin gyara da na lokacin gyara da rasiɗin. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma a fiƙihu mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ko ta fuskar ciniki ma, loɓar da aka bayyana ɗan ragi kawai take jawowa, wadda aka gano bayan an ɓoye kuwa tana sa a daina yarda da komai, har da lambar tafiyar da ke agogo. Agogon ma kada a taɓa shi.

Akwai kuma hanyar da ban raina ba: in kun duba ba ku samu mai aikin da hankalinku ya kwanta da shi ba, ku sayar da ita da loɓarta. Da yawa cikin masu sayen irin wannan mota suna da masu gyaransu, sun fi son su yi aikin da kansu a kan su gāji aikin da za su kankare.

Farashi ba zan yanke muku ba tunda ban ga motar ba. Ku duba shafukan gwanjon tsoffin motoci irin su Bring a Trailer, ku dubi kuɗin da aka sayar, ba wanda aka nema ba, ku kuma tuna mai fitar da ita waje zai cire kuɗin dako da haraji daga abin da zai taya. Kada ku amsa tayin farko na dillalin da ya ce tsohuwa ce sai 'yan gwangwan. Ku yi magana a kan la'ada tun farko. Mai son gwadawa ya tuƙa da ɗayanku a gefensa. Ranar ciniki a rubuta yarjejeniya da shaidu, a ambaci gyaran madigadin a ciki, kuma kada makulli da takardu su bar hannunku sai kun ga kuɗin sun zauna a asusu da idonku, ba saƙon waya kawai ba.