Amsa kan tsiron da zai jure fari kuma ya ja ƙudan zuma

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wane tsiro ne na gida za ka dasa a gefen gonarka ta jigawa a yankin Gumel, wanda ba zai buƙaci ban-ruwa ba kuma zai amfani amyar da ka kafa. A ganina sabara ce ta fi dacewa da kai, domin ƙasar rairayi ita ce mazauninta, saiwarta tana nutsewa can ƙasa ta samo danshi, kuma ƙananan furanninta masu ɗorawa-ɗorawa, waɗanda suke fitowa a dunƙule, sukan buɗe daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, lokacin da furen ciyawa ya ƙare.

Ba lallai ne ka nemi iri ba. Idan ka duba gonar bayan girbi za ka tarar da kututturanta da ake sarewa duk shekara wajen sharar gona, to sai ka zaɓi ƙwararan rassa biyu ko uku a kan kowane kututture ka bar su, ka datse sauran. Wannan dabara ce manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani, kuma ta fi dashen sabon tsiro saurin kamawa nesa ba kusa ba, tunda saiwar ta riga ta kafu.

Magarya ma tana jan zuma sosai, sai dai ƙayarta takan dami mai noma. Ka guji feshin maganin ƙwari kan wake da hantsi, sa'ad da ƙudan suke kiwo, sannan ka ajiye musu kasko da ruwa da tsakuwa a ciki don kada su nutse.