Ƙafafun 'yar hawainiyata sun lanƙwashe, me ya jawo?

Malam, ka ce ƙaramar hawainiyarka a Jidda tana faɗowa daga reshe, haɓarta kuma ta yi laushi. Alamun ciwon laushin ƙashi ke nan, ya fi kama ƙanana saboda suna girma da sauri.

Kalsiyam ne ya yi mata ƙaranci, kuma jikinta ba ya iya amfani da shi sai da bitamin D3, wanda hasken UVB, wani sashe na hasken rana, ke samarwa a fata. Gidajenmu na nan kullum a rufe suke saboda zafi, gilashin taga kuwa yana tare wannan hasken. Saya mata fitilar UVB, ka riƙa barbaɗa garin kalsiyam a kan gyare kafin ka ba ta.

Don Allah kai ta wurin likitan dabbobi yau, domin ƙashin da ya lanƙwashe ba kasafai yake miƙewa ba.