Amsa ga ƙanena da ya ga hoton walimar rumfar sukari

Ƙanena, saƙonka ya same ni, kuma shi ne na huɗu da ya zo mini daga gida tun ranar da mai ɗakina ta sa hoton nan a Facebook. Ka ce ka ga dogon tebur cike da abinci, ka gan ni da yara muna dariya a cikin dusar ƙanƙara, sai ka rubuto cewa: "Yaya, kuna can kuna shan daɗi kun manta da mu, ka jawo ni ko ta hanyar karatu ce." Ka ƙara da cewa wani dillali ya yi maka alkawarin takardun Kanada idan aka sayar da gonar fadama da Baba ya bari. Maganar gonar ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na zauna zan bayyana maka abin da ke cikin hoton dalla-dalla, tunda a kansa ka gina shawararka.

Wurin da ka gani shi ne Faransawan lardin Kebek suke kira cabane à sucre, wato rumfar sukari. Gida ne na katako a tsakiyar dajin bishiyoyin mapul, bishiyar nan da ganyenta yake kan tutar Kanada. A ƙarshen hunturu, daga watan Maris zuwa Afrilu, idan dare ya daskare kuma rana ta ɗan saki, ruwan jikin bishiyar yakan motsa, sai a huda ta a sa ɗan bututu, ruwan ya riƙa ɗiga a bokiti ko ya bi dogayen robobi zuwa tanki. Ruwan fari ne tas kamar na rijiya, zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma sai an dafa kimanin lita 40 kafin a samu lita 1 ta zumar da ake sayarwa. Ranar da na fara shiga ɗakin dahuwar, tururi ya rufe ni, ƙamshin ya mayar da ni wajen masu mazarƙwaila a gefen Makarfi, inda muke tsayawa muna yara muna jiran a ba mu ƙanzon kasko. 'Yan asalin ƙasar ne suka koya wa Turawan da suka zo daga Faransa wannan sana'a, kuma a yau lardin Kebek kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar mapul ta duniya. Kakar ba ta wuce 'yan makonni, shi ya sa mutane suke rububin zuwa.

Abin da hoton bai nuna maka ba shi ne watanni biyar da suka gabace shi. Tun daga Nuwamba ake shiga sanyi, a Disamba ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, a Janairu kuma akwai ranakun da ma'auni yake sauka ƙasa da 25 a ƙarƙashin sifili, har gashin hancin mutum ya daskare kafin motar haya ta iso. Dariyar da ka gani a fuskokinmu ta mutanen da suka ga alamar ƙarshen wannan ce. Su kansu 'yan ƙasar sau ɗaya suke zuwa a shekara, wasu ma sai su yi shekaru ba su je ba, domin kuɗin mutum ɗaya ya kai cefanen kwanaki, ga haraji kusan kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa a kai, ga kuma ihsanin masu hidima wanda a nan ba a ɗauke shi ganin dama ba.

Yanzu bari in ɗauki kwanukan da ke kan teburin ɗaya bayan ɗaya. Miyar nan rawaya da ke cikin babban kwano ta wani irin wake ce, kuma da naman alade ake dafa ta. Waken da ke cikin tukunyar ƙasa ya kwana a wuta da kitsen alade da zuma. Jan naman da aka yanka fale-fale cinyar alade ce, kusa da shi tsiran alade ne yana iyo a cikin zuma. Abin nan da ka ce ya yi kama da soyayyar ganda kitsen alade ne mai gishiri da aka soya ya yi ƙaras-ƙaras, sunan da suka laƙaba masa kuwa ya taɓa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, don haka ba zan rubuta shi ba. Hatta wainar ƙwai da soyayyen dankalin Turawa sai ka tambaya da wane mai aka yi su, haka ma ɓawon wainar sukarin da ake kawowa a ƙarshe. Wannan abincin manoma da masu saran itace ne na zamanin da, waɗanda suke buƙatar maiƙo don su jure wa sanyi, kuma a wurinsu gadon kakanni ne da ba sa son a taɓa.

Na fara zuwa a shekarata ta biyu a ƙasar, lokacin ina ɗalibi kuma ina aikin dare a wani gidan ajiyar kaya. Abokan aiki suka shirya tafiya, na biya kuɗina daga abin da nake tarawa na haya, don kada a ce baƙon nan ba ya shiga mutane. Faransancina a lokacin bai wuce gaisuwa ba, Ingilishin da nake taƙama da shi daga jami'a kuma bai yi mini amfani a ƙauyen ba. Na tambayi mai hidimar abin da ke cikin miyar, ta ce wake ne, na kai cokali biyu baki, a na uku na ga tsokar nama ja. Na ajiye cokalin a hankali ban ce komai ba, amma wani daga cikin abokan aikin ya lura, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce ga su nan kuma, sun zo za su cire mana alade daga miyarmu. Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na zauna awa biyu a wurin da burodi da shayi, kuma har yau idan na tuna sai in ji ɗacin a maƙogwarona, domin ban nemi a canza wa kowa komai ba, kuɗina na biya cikakke kamar kowa.

Sai daga baya na fahimci inda maganarsa ta samo asali. A watan Maris na 2007 jaridu sun yi ta yayata cewa a wata rumfar sukari da ke Mont-Saint-Grégoire an dafa wa wasu Musulmi miya ba alade, an kuma ba su wuri sun yi salla, sai abin ya zama abin cece-ku-ce a lardin baki ɗaya. A shekarar ce gwamnati ta kafa kwamitin Bouchard da Taylor don ya binciki yadda ake sassauta wa masu addinai da al'adu dabam, kuma ya miƙa rahotonsa a 2008. Muhawarar ba ta mutu ba. A 2019 aka yi dokar da ake kira ta 21, wadda ta hana wasu ma'aikatan gwamnati, ciki har da malaman makarantun gwamnati da aka ɗauka bayan dokar, sanya alamar addini a bakin aiki. Ka yi tunanin wannan da kyau, tunda ka ce matarka malama ce kuma kana so ta biyo ka. Ba ina cewa mutanen nan duka haka suke ba. A ranar ma wata dattijuwa daga cikin masu rumfar ta biyo ni waje, ta kama hannuna ta kai ni wurin da ake zuba tafasasshiyar zuma a kan dusar ƙanƙara mai tsabta, ta nuna mini yadda ake jira kaɗan sannan a naɗe ta da ɗan tsinke ta zama kamar alewa mai danƙo. Wannan kam halal ce ba shakka, kuma ban taɓa ɗanɗana zaƙi mai laushi irin nata ba.

Hoton da ka gani an ɗauke shi shekara 11 bayan waccan ranar. A tsakani na koyi Faransanci a azuzuwan yamma bayan na tashi daga aiki, na faɗi jarrabawar harshen sau ɗaya na sake, na gama digiri, na yi shekaru ina aikin da bai kai karatuna ba kafin Allah ya buɗa. Yanzu ni nake buga waya tun a Fabrairu, in yi magana da masu rumfa da harshensu, in tambayi mai da nama, domin akwai 'yan kaɗan da suke shirya abinci marar alade idan an sanar da su da wuri. Tebur biyu aka haɗa a hoton, namu ne na can ƙarshe, kuma ina alfahari da shi saboda na san abin da na biya kafin in zauna a kansa ba da sunkuyar da kai ba. A 2023 da 2024 da 2025 azumi ya faɗo a cikin kakar, abokan aiki suka riƙa tafiya da tsakar rana ba ni, a bara ne kawai muka samu zuwa bayan salla kafin ruwan bishiyar ya tsaya. Yarana sun ɗauki wurin nasu ne, suna hawa keken doki suna waƙoƙin da ni ban iya ba, kuma wannan ma wani abu ne da yake sosa mini rai ta hanyar da ban zata ba.

Game da zuwanka, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɗalibin da zai zo Kebek sai ya fara samun gurbi a makaranta, sannan takardar amincewar lardin, sannan izinin karatu daga gwamnatin tarayya, kuma a kowane mataki sai ya nuna kuɗin makaranta da na zama waɗanda za a iya bin asalinsu. Tun Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta ƙayyade yawan izinin karatun da take bayarwa, kuma ɗalibi ba ya wuce awa 24 a mako yana aiki a wajen makaranta lokacin karatu, abin da ba zai biya maka haya da abinci da kuɗin makaranta a haɗe ba, komai ƙwazonka. Babu dillalin da yake da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu, kuma wanda aka kama da takardar bogi ana hana shi neman shiga ƙasar har shekara biyar. 'Yan uwanmu Hausawan Nijar da na sani a nan sun fi mu saurin tsayawa da ƙafafunsu, ba don komai ba sai don sun zo da Faransanci a bakinsu.

Saboda haka ban yarda a sayar da gonar ba, kuma na faɗa wa Inna haka jiya ta waya. Idan da gaske kake, ka je cibiyar Alliance Française ta Kano ka yi rajista, ni zan biya kuɗin shekarar farko. Idan ka kai matakin da za ka iya rubuto mini wasiƙa irin wannan da Faransanci, za mu zauna mu duba makarantu tare a shafukansu na intanet, ba tare da ɗan tsakiya ba. Akwai mai tafiya gida a wata mai zuwa, zan ba shi gwangwani biyu na zumar, ɗaya na Inna ɗaya naka, ku gwada ta a kunun gyaɗa ko a kan waina, amma da zarar an fasa gwangwanin a juye ta a kwalba a sa a firji, domin zafin Zariya zai sa ta yi fumfuna. Ka gaida iyali, ina jiran rasidin rajistar.