Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke son shiga kulob ɗin unguwa

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce yaronki ɗan shekara 10 ya nace sai ya shiga kulob ɗin unguwarku a Gombe, ke kuma kina tsoron a dawo miki da shi a karye. Na daɗe ina horar da yara a nan Bauchi. Shawarata kada ki hana shi, don in kin hana, zai je bayan layi ya buga inda babu babba ko ɗaya. Ki sa babansa ko kawunsa ya je filin da yamma ya tsaya ya ga yadda kocin yake tafiyar da yaran.

Ya fara da duba su wa yaron zai buga da su. Yawancin karayar da na gani, an haɗa ƙaramin yaro ne da ƙaton ɗan shekara 15 da aka rage wa shekaru don a ci kofi. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, kusa da gaɓoɓi akwai guringuntsin da yake girma ta nan, kuma mummunan duka a wurin yana iya taɓa girman ƙafar. Ƙwallon ma lamba 4 ce tasa, lamba 5 ta manya ce. Sai fili: tsakuwa, fasassun kwalabe, ramuka, da ƙarfen ragar da ba a kafe ba, wanda yara ke lilo da shi. Ki saya masa kariyar ƙwauri, ba ta da tsada, kuma tun 1990 dokar wasa ta wajabta ta.

Ya kuma lura ko ana ɗumama jiki kafin a fara. FIFA tana da tsarin da ake kira 11+, akwai na yara 'yan shekara 7 zuwa 13, bai wuce minti 20 ba, kyauta ne a intanet. Binciken da aka yi a Turai ya nuna yana rage raunuka da kusan rabi.

Abin da ya fi damuna shi ne kai. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015, Ingila ma ta hana a atisayen 'yan firamare a 2020. Mu nan yara biyu za su yi karo, a zuba musu ruwa a ka, a ce ai namiji ne, a mayar da su fili. Wallahi wannan ganganci ne. Ba sai yaro ya suma ƙwaƙwalwarsa take jijjiga ba. Duk wanda ya bugu a ka yana jin jiri ko ciwon kai, wasansa na ranar ya ƙare, ko da wasan ƙarshe ne. In ya dawo gida yana amai, ko barcin da bai saba ba, ko maganarsa tana rikicewa, a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a daren, kada a jira gari ya waye.

Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan kai digiri 40, saboda haka atisaye sai bayan la'asar, da gorar ruwansa a hannu. In yana da sikila ko asma, likita ya gan shi tukuna, a kuma gaya wa koci.

Targaɗe kuwa sai ya yi, wannan babu makawa. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15, a ɗaga ƙafar. Kada a ja, kada a gasa da ruwan zafi a kwanakin farko, kumburin ƙaruwa yake yi. In ya kasa taka ƙafar, a ɗauki hoton ƙashi kafin kowane mai ɗori ya taɓa shi. Kuma ki ja masa kunne tun yanzu: kada ya karɓi ƙwayar kashe ciwo daga hannun kowa don ya samu ya buga wasa. In kika ji kocin ne da kansa yake ba yara, ki cire ɗanki a ranar, ki kuma sanar da sauran iyaye.