Ina jinya, ina so in bar wa babban ɗana gida

Tambaya: Malam wata uku kenan ina kwance da karaya bayan hatsarin mota, likita ya ce zan miƙe in sha Allah. Zaman nan ya sa na fara rubuta tarihin gidanmu a littafi, kuma ina so in rubuta cewa in na mutu gidan da nake ciki na babban ɗana ne, don shi ke jinyata. Ya halatta?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya Alhaji, ya sa kaffara ce. Karaya ba cutar ajali ba ce, dukiyarka na hannunka, nan babu magana. Inda na tsaya shi ne kalmar nan taka "in na mutu". Da ka faɗe ta toh ba kyauta kake ba, wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda bayan ranka.

In kyauta kake nufi sai ka fita daga gidan ya karɓa tun kana da lafiya. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha dabino wasƙi 20 (wasƙi babban ma'auni ne) a gonarsa, ba ta ɗebe ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya ce mata yau kam dukiyar magada ce, yana nan cikin Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik.

Na san za a ce maka ai a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, fifita wani ɗa da kyauta makaruhi ne kawai, shi ma sai in dukiyar duka ka ba wani ɗan. Haka yake a rubuce, amma ni zuciyata ba ta natsu da shi ba. Hujjarsu ita ce mahaifin sahabi Nu'umanu bin Bashir ya yi wa Nu'umanu kyauta ban da sauran 'ya'yansa, ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, sai Annabi ya ce masa ya nemi wani shaidan, wai da haramun ne ba zai ce haka ba. Haba, Annabin da ya ce ba ya shaidar zalunci, wane sahabi zai zo bayansa ya shaida? Wannan tsawa ce ba izini ba, shi ma Bashir ɗin haka ya fahimta tunda ya koma ya karɓe kyautar. Kuma gidan nan wataƙila shi ne mafi tsoka a abin da ka mallaka, ka ga ko a Risalar ka kusa faɗawa ciki.

Yaron nan yana juya ka yana kai ka banɗaki, wallahi ya cancanci alheri, amma kar ka bar shi da ƙannensa suna gaisawa a ƙofar kotu. Ka biya shi abin da ya kashe a jinyar, ka tara su ka sa masa albarka a gabansu.

Littafin kuma ka ci gaba, ya burge ni. Sai dai shafin farko ka sa bashi, wanda ake binka da wanda kake bi, da ajiyar mutane, a sa hannun shaidu. Rigimar da aka yi da baffanni kar ka rubuta ta, jikoki za su gada. Ka rubuta sunayen kakanni mata da waɗanda aka sha nono tare, su ake fara mantawa. Wallahu a'alam.