Tambaya da amsa: kuɗin da iyaye suka tara, kwamfuta zamu saya ko me?

TAMBAYA

Assalamu alaikum injiniya. Ni malami ne a wata CETIC, wato makarantar sakandaren fasaha, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, zanen fasaha nake koyarwa tun daga aji ɗaya har aji huɗu masu zana jarabawar CAP ta shaidar ƙwarewa a sana'a. Har yau da allon zane da rula da kompa muke aiki, kuma a jarabawa ma da hannu yaran ke zana. Ƙungiyar iyaye APEE ta tara mana ɗan kuɗi, direkta nason a sayi kwamfutoci da injin nan mai buga abu 3D dan muma ace mun shiga zamani, wasu abokan aiki har cewa suke a tattara allunan zane a kai sito. Kuɗin basu da yawa, wuta kuma kasan halinta a nan. Dan Allah daga ina ya kamata mu fara?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, kuma Allah ya saka wa iyayen da suka cire daga abincin gidansu suka tara.

Bari in fara da allunan nan, dan shine ya fi damuna. Dan Allah kada ku kai su sito. Yaron da bai iya kallon ƙarfe a hannunsa ya fitar da gabansa da samansa da gefensa a takarda ba, in ka zaunar dashi gaban kwamfuta danna danna kawai zai riƙa yi, zai zana maka abu mai kyau a ido amma in ka miƙa wa mai walda ko kafinta ba zai iya aiki dashi ba, saboda ba ma'auni, ko ma'aunin yana karo da juna. Abinda takardun ma'aikatar ilimin sakandare MINESEC ke kira DAO da CAO, wato zane da tsara abu da kwamfuta, ɗori ne akan abinda kake koyarwa yanzu. Tsarin da muke bi a nan na Turai ne, wanda in ka kalli abu daga hagu sai ka aje hoton a dama, toh manhajar ma sai ka gaya mata wannan tsarin kake so, in yaro bai san bambancin ba ta yaya zai gane ta juya masa zane? Ga kuma CAP da kai da kanka kace da hannu ake yi.

Ni abinda zan baku shawara, kada ku fara da tambayar me zamu saya. Ku fara da me yaranmu zasu ƙera kafin ƙarshen shekara. Abu ɗaya tak, mai amfani, wanda uba zai zo makaranta ya gani ya gane. In kun tsaida wannan, jerin kayan saye da kansa zai fito, kuma zaka ga yafi gajarta akan yadda direkta ke tsammani.

Misali na'urar da ke nuna yawan ruwan da ya rage a tanki. Kowa a Garwa yasan wahalar hawa sama a leƙa tanki, ko famfo ya cika shi ruwa nata zuba ba wanda ya lura. Kayan aikin ba yawa: allon Arduino Uno ɗaya (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta), sensa mai suna HC-SR04, ƙananan fitilu LED kala uku, rezistans, da wayoyi. Sensar nan sauti take aikawa wanda kunne baya ji, 40 kHz, ya bugi saman ruwa ya dawo, Arduino ya auna lokacin, a ninka da gudun sauti a raba biyu tunda zuwa da dawowa ne, shikenan an samu nisa. Tana iya auna daga santimita 2 har kusan mita 4. Kuma kaga wani abu mai daɗi a ciki, gudun sauti mita 343 ne a daƙiƙa in zafi na digiri 20, amma a watan Afrilu da muke kaiwa 40 yana kai wajen 355, wato a tanki mai zurfin mita 2 kuskuren zai kai kamar santimita 7. Yaro zai gwada da safe ya gwada da azahar yaga lamba ta canza alhali ruwa bai ragu ba, sai ya zo yana tambayarka dalili. Wallahi darasin da yaro ya tambaya da bakinsa baya mantashi. Haka fitilar LED, in ya haɗa ta kai tsaye da volt 5 ta ƙone, in yasa rezistans mai om 220 ta samu kamar miliampiya 14 ta zauna lafiya, dokar Ohm ɗin da yake haddacewa kamar karatun allo sai gata a gaban idonsa.

Toh ina zanen kwamfuta ya shigo? Sensar nan bata son danshi, kuma dole a kafa ta a murfin tanki tana kallon ƙasa daidai, dan haka tana buƙatar akwati da mariƙi. Nan aikinka yake Malam. Yara su auna allon Arduino da sensar da kansu, su zana akwatin da fensir tukuna, sannan su hau kwamfuta su gina shi, su fitar da zanen aiki mai ma'auni su buga a takarda, su kai atelye ɗin kafinta ko na ƙarfe da ke cikin makarantarku a yanka. In ramin waya bai faɗa daidai ba su koma su gyara lamba ɗaya zanen gaba ɗaya ya bi. Anan ne zasu ga amfanin kwamfuta da gaske, dan a allo da sai sun goge ko su sake sabuwar takarda.

Maganar manhaja kuma, kada sisi ya fita. Nasan kowa AutoCAD ya sani, tun 1982 take kuma kamfanoni na aiki da ita, amma wadda ake yawo da ita a kile, wato filashin USB, ta sata ce, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, kwamfuta ɗaya ta kamu sauran duk sun kamu. Akwai na kyauta na halal. LibreCAD na zanen shimfiɗe ne, bata da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta, kuma wanda ya iya ta in ya samu AutoCAD daga baya ba zai sha wuya ba. FreeCAD ita ce ta gina abu mai jiki uku, a watan Nuwamba 2024 aka fitar da 1.0 ɗinta, tana da Faransanci, kuma abinda nake so da ita a koyarwa shine in yaro ya zana fasali bai bashi cikakken ma'auni ba zata nuna masa da saura, sai ya kammala layukan zasu koma kore. Kaga kenan tana tayaka faɗan da kake yi kullum akan kotasiyo, wato sa ma'auni a zane. Na lantarki akwai KiCad, wani malami ne Jean-Pierre Charras ya fara ta a 1992 a IUT ta Grenoble a Faransa, yanzu manyan injiniyoyi ma na aiki da ita, amma ita ku barta sai yara sun yi nisa. Masu wayarin gida da na injin lantarki mai juyi QElectroTech ta fi dacewa dasu. Sai SimulIDE, wadda yaro zai haɗa da'ira harda Arduino a cikin kwamfuta ya gwada kafin ya taɓa kayan gaske, kuma bata neman intanet. Tinkercad nada sauƙi ƙwarai amma sai da intanet take tafiya, aji guda akan kredi ɗin wayar malami ba zai yiwu ba. Duk waɗannan mutum ɗaya ya sauke su sau ɗaya a gari ya zuba a kile mai tsafta. In kun sa tsarin Linux Mint a madadin Windows akan injinan ma kun huta da yawancin cutar kile.

Wuta. Ita ce ke kashe ɗakunan kwamfuta a arewa, ita da ƙura. Madatsar Lagdo megawat 72 ce tun 1982, in ruwa ya ja baya abinda take bayarwa raguwa yake, an ƙara tashoshin rana a Marwa da Gidar a 2023 amma ba zan ce ka ɗora jadawalin ajinka akan wutar layi kaɗai ba. Shi yasa nake cewa laptop, ko da na hannu ne, ba manyan na tebur ba. Yi lissafin da kanka: laptop na cin kamar wat 45, guda 10 wat 450 kenan, awa 4 na darasi bai kai kilowat awa 2 ba, farantin sola biyu masu wat 300 a ranar da muke da ita zasu riƙe wannan, kuma darasin ma da rana ake yi, ga batirin cikinsu in an ɗauke wuta aikin yaro bai ɓace ba. Tsofin na tebur da allonsu kowace na iya cin ninki uku na wannan. In zaku saya ku nemi mai RAM giga 8 in da hali, giga 4 zata yi LibreCAD da Arduino amma FreeCAD zata riƙa ja mata. Kuma kowace a saya mata linzami, zane da ɗan faifan yatsa azaba ce. Lokacin hunturu a rufe su a akwati ko kabad bayan darasi, a riƙa hure ƙurar fanka.

Kwamfuta 10 sun isa aji in ka raba su rukuni, wasu na allo, wasu na kwamfuta, wasu na teburin lantarki, a riƙa juyawa. Sai dai ka sa ido, a rukunin yara uku kullum akwai ɗaya da zai riƙe linzami ya hana sauran, kuma yawanci 'yan mata ake turewa gefe su zama masu rubuta rahoto. Ka ƙayyade lokaci kowa ya taɓa, su ma su riƙe ƙarfen liƙi.

Injin 3D ɗin nan da direkta ke so, ban ce bashi da amfani ba, amma ba bana ba. Zaren robar da yake ci sai an yo odarsa daga Duwala ko Yawunde ko waje, ƙaramin abu sai ya ɗauki awanni, in wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa aikin ya lalace. Kuma robar PLA da aka fi amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, akwatin da zai zauna akan tanki a rana tsaka a Garwa kasan abinda zai same shi. Kuna da zarto da injin huda da masu walda a makaranta, sune injin bugunku a yanzu. Kuɗinsa ya tafi ga multimita da yawa, ƙarfen liƙi da dalma, allunan gwaji masu ramuka da ake soka waya ba sai an liƙa ba, Arduino kamar 10 da 'yan rara dan dole wasu su ƙone, da jakar rezistans da LED da transisto. Tsofin rediyo da caja da suka mutu ma yara su kawo daga gida a kwance a cire kaya, nan zasu koyi liƙi ba tare da tsoron ɓarna ba.

Amma akwai iyaka da ba wasa a cikinta. Duk aikin yara ya tsaya a volt 5 zuwa 12. In an kai ga kunna famfo mai 220 ta hanyar rele, wato makunnin da Arduino ke sarrafawa, malamin lantarki ne zai haɗa wannan ɓangaren da hannunsa a cikin akwati rufaffe. Wajen kwance tsofin kaya a guji talabijin mai ƙusumbi da cikin injin wuta na kwamfuta, kondansatansu na riƙe caji ko an cire daga soket. Batiran litiyam da ake cirowa daga tsofin laptop kada a bar yara su huda su ko su haɗa bakinsu, wuta suke kamawa. Ɗakin liƙi a buɗe tagogi, a wanke hannu bayan taɓa dalma kafin aci abinci.

Saura kai Malam, da abokan aikinka. A ware wani abu daga kuɗin nan dan ku koya, ko da kuɗin mota ne da na abincin wanda zai zo ya nuna muku. Ɗaliban Politeknik ta Marwa da na IUT ta Ngaundere duk shekara suna neman wurin staj, wato koyon aiki, direkta ya rubuta takarda a nemi wanda ya iya FreeCAD da Arduino ya zauna daku sati biyu ko uku. Masu gyaran waya na babbar kasuwa kuma sun fi yawancinmu iya liƙi, a gayyato ɗaya da mutunci ya nuna wa yara yadda ake riƙe ƙarfen. Kai kuma ka ɗauki laptop ɗaya ka sake zana darussan aji ɗaya da ka saba a cikin LibreCAD kafin ka tsaya gaban aji, ɗaya bayan ɗaya, tunda kasan amsarsu hankalinka zai tafi kan manhajar kawai. Ku sanar da sufetan fanninku tun farko dan aikin tankin ya shiga cikin takardar ci gaban darasi, tsarin APC na koyarwa bisa ƙwarewa ma abinda yake nema kenan, matsala ta gaske da yaro zai warware.

In zaku zauna da direkta da shugaban APEE, ku je da takarda ɗaya mai jeri haka: faranti da batir, horon malamai, kayan lantarki, sannan laptop gwargwadon abinda ya rage, ko da 6 ne. A rubuta sunan malamin da makullin kabad zai zauna a hannunsa, a buɗe littafin shiga da fitar kaya, kuma a bar kaso kaɗan a asusu dan caja da linzami da zasu mutu a tsakiyar shekara.